Yusha'u Ya Farfaɗo

Yelwa, Yauri

Zuwa ga abokina Sunday,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da madam da yara kuna lafiya. Ina sanyin Jos?

An ce ka yi ta neman wayata. Kwantar da hankalinka, ba ni na faɗi ba, ɗan wasana ne, Yusha'u, ɗan masunta daga Warra, wanda nake ce maka ya fi ni tsalle. An bugo ƙwallo daga kusurwa, ya tashi ya sa kai, suka yi karo da ɗan gaban ɗaya kulob ɗin. Ya faɗi bai motsa ba. Alhamdu lillahi, jiya ya buɗe ido, ya gane innarsa, har ya nemi kunu.

Amma ni na gama da aikin koci. Ni na koya masa kada ya janye kai ko me ke zuwa, yadda muka yi a zamaninmu. Innarsa, Hajara, ta zo asibiti, na gaishe ta, ko kallona ba ta yi ba.

Ka gaida gida.

Naka,
Salisu

*

Jos

Salisu, mutumina,

Yaya aiki, yaya iyali? Mun gode wa Allah da yaron ya tashi. Madam har rawa ta yi a kicin.

Maganar barin aiki kuwa, ban karɓa ba. Ni na tsaya kusa da kai a baya duk shekarun da muka buga tare, na ga an fasa maka gira, na ga ranar da gwiwarka ta tafi a Kaduna aka fitar da kai a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ban taɓa jin ka zagi kocinmu ba. Da ka warke ma kwas ɗin koci ka tafi, ka koma gida ka tara 'ya'yan masunta ka mai da su kulob. Yanzu wa za ka bar wa su?

Kafin ka ajiye usur, je ka ga matar nan a gidanta. In ta kore ka, na yi shiru.

Naka,
Sunday

*

Yelwa, Yauri

Abokina Sunday,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na bi maganarka. Da aka sallami Yusha'u na shiga jirgin ruwa zuwa Warra.

Na iske Hajara tana gasa kifi a banda. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo tuwo. Da na fara ba ta haƙuri sai ta tsaya tana mamaki. Ta ce ita ba ta ma san na zo asibiti ba, idonta bai ga kowa ba a kwanakin nan sai ƙirjin ɗanta, ko yana ɗagawa.

Sai ta ba ni labarin da ban sani ba. Yayan Yusha'u ya fita kamun kifi wata damina, iska ta kife kwale-kwalensu, ba a ga gawarsa ba. Ta ce, "Malam Salisu, wannan da ya faɗi a filinka, an ɗauko mini shi na riƙe hannunsa. Ka bar shi wurinka. Ka dai koya masa ya kare kansa."

Na kasa cin tuwon. A jirgin komawa barci ya kwashe ni, sai da mai tuƙi ya tashe ni.

Likita ya ce zai sake buga ƙwallo, amma sai ya huta sosai, kuma sai an sake duba shi. Na gode, abokina.

Naka,
Salisu

*

Yelwa, Yauri

Sunday,

Gaisuwa. Yau Yusha'u ya zo atisaye. Na hana shi takalmi, na zaunar da shi a benci. Tun daga can yake yi wa 'yan baya tsawa su matso, muryarsa har ta danne tawa. Na bar shi ya yi ta yi.

Ka huta lafiya.

Salisu