Tarin da Ke Fitowa daga Ɗakinka

Maigida, gaisuwa da fatan rahamar Allah ta kai gare ka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ina rubutawa ne da ajamin da mahaifina ya koya mini, don ba ni da wanda zan faɗa wa da baki.

Labarin gida: gero ya yi kyau a gonarka ta Droum. An sauke tutar Faransa, abokanka tsofaffin sojoji sun yi fareti, ba kai a cikinsu. 'Yarmu Hadiza ta fara zuwa lakwal, makarantar boko.

Sai maganar da ke yawo a unguwarmu ta Zango. Maƙwabta na cewa ba ka bar gidan nan ba. Bayan azahar, in gari ya yi tsit, warin sigarinka na fitowa daga ɗakinka da muka rufe, kuma ana jin tarinka. Yayanka Alhaji ya kawo malamai sun yi saukar Alƙur'ani. Na dafa musu abinci.

Ni ce, Maigida.

Ka tuna ranar da lokotoro a asibiti ya ɗaga hoton ƙirjinka a taga, ya nuna mana wani farin tabo? Ya ce ciwon daji ne a huhu. Ya tambayi shekara nawa kana shan sigari, ka ce tun da aka raba muku a soja, ka dawo kana haɗawa da ƙurar siton gyaɗa inda kake aiki. Danginka suka ce sammu ne. Ni da kai mun san abin da muka ji. Ya hana ka sha, kowa ya ɗauka ka daina.

Amma ka yi ta roƙona. Numfashinka bai isa ya kama wuta ba, sai ni nake sa karan a bakina, in ja har ya kama, in miƙa maka. Wata huɗu muna haka. Tausayi ne, ko ni na gaggauta maka tafiya?

Bayan na fita takaba na tarar da saura a gwangwaninka. Na kunna ɗaya don kawai in ji warinka. Na kasa dainawa. Yanzu ina tari, irin naka sak, kamar ana jan guga a busasshiyar rijiya. Daga ina ya zo? Daga waɗannan 'yan kararen, ko daga hayaƙin da ka shekara ashirin kana busawa a ɗakin da muke kwana, ko na murhu? Shekaranjiya na ga jini a gefen zanena.

Jiya kuwa ina zaune a kan gadonka, tari ya taso mini. Na yi, na gama, na rufe baki. Sai na ji an ƙara ɗaya, a bayana, daga wajen matashinka. Ban waiwaya ba. Kai ne? Kira ne, ko kora?

Na ɗauke shi kora. Na zuba sauran a murhu. Alhamis zan je wajen lokotoro, kuma yau zan gaya wa Alhaji gaskiya, don a san hannun da za a bar Hadiza in abin ya zo.

Ka yafe mini, ni na yafe maka. Allah ya haskaka kabarinka. In jirana kake yi, ka ƙara haƙuri.

Matarka,
Rabi