Ƙyallen Silikin da ke Wuyanka

Kambirij, Ingila, Satumba 1939

Zuwa ga Desmond, sanyin idona, hasken safiyata, abin begena,

Tun ranar da yaƙi ya ɓarke, kakin soja ya raba ka da rigar jami'a, abinci ya daina yi mini daɗi. Kai ne ranar da ke leƙo mana bayan dogon yayyafi, to ina ka shige ka bar ni cikin gajimare?

Ka tuna Asabar ɗin da ka faɗo shagon shayin Baba, bakinka har kunne, wai ka shiga ƙungiyar ɗalibai masu koyon tuƙin jirgin soja? "Wasa ne kawai, Beryl," ka ce, "kuma ya fi zaman laburare daɗi." Kai da aka turo karatun tsirrai! Ni kuma sakarya na taya ka murna. Rigata ta siliki, ta zuwa rawa, na yanka na yi maka ƙyallen wuya, don na ga abokanka duk suna ɗaurawa, na ɗauka gayu ne.

Jiya Mista Pargeter, tsohon da ya koya muku tashi, wanda ya yi wancan yaƙin duniya da ya wuce, ya zo shan shayi. Na soma yi masa tsiya kan gayun yaransa. Ko murmushi bai yi ba. "Ba ado ba ne, 'yata," in ji shi. "Mai jirgin yaƙi wuni yake juya wuya, yana duba wanda zai ɓullo masa ta baya. In ba siliki, kwalar kaki sai ta goge fata har jini. Wanda ya gaji da waiwaye kuwa, ba ya dawowa shan shayi."

Wayyo ni! Tsoro nake ji, Desmond, tsoro irin wanda ban taɓa sani ba, don na san halinka. Ba kai ba ne mai tafiya kai a sunkuye kana leƙen ciyawa, har masu keke suna zaginka? Wa zai kaɗa maka ƙararrawa a can sama?

Na sha yi maka faɗa in ka waiwayi wata budurwa a titi, har na sa ka rantse ka daina. Na yafe rantsuwar, masoyina. Don Allah ka waiwaya. Dama, hagu, baya, ka yi ta yi har silikin ya tsufa ya yage, ragowar rigar tana nan.

Taka har ƙarshen numfashi, wadda ba za ta waiwayi kowa ba,

Beryl