Kwamfutar da Ta Ƙi Lokacin Gida

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da jikokina kuna lafiya. Ni lafiya lau a nan ƙasar waje, sai dai abin al'ajabi.

An ba ni sabuwar kwamfuta a ofis, amma ta ƙi shiga tsarin da ya haɗa kwamfutocin ma'aikata. Ban nemi taimakon kowa ba, har shugabar ofis ta fara tambayar shekaruna, wai ko tsufa ne ya kama ni. Ni! Ashe da hannuna na mayar da agogon kwamfutar zuwa lokacin gida, don in san sa'ad da kuke cin abinci, tsarin kuwa ba ya karɓar saɓanin lokaci. Salati kawai na yi.

Na gyara, ta shiga. Ki aiko mini da agogon bangon Baba, in saita shi a lokacin gida. Shi babu mai gyara masa zama.

Allah Ya yi muku albarka.

Yayarki