Ni Na Kashe Kifayen Aminina

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni malami ne a wata makarantar sakandare a nan Kontagora. Ina da amini mutumin Auna, zan kira shi Malam Bitrus. Tare muka yi horon malanta, rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, kwano ɗaya muke ci. Akwai wani Bature mai koyar da kimiyya da ya ajiye kifayen teku guda tara a babban akwatin gilashi a ɗakin gwaje-gwaje, shuɗaye da rawaye, irin waɗanda ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri. Shekara biyu ni nake auna gishirin, ni nake wanke gilashin. Amma da zai koma ƙasarsu sai ya miƙa wa Bitrus mabuɗin ɗakin a gaban kowa. Na tafa tare da jama'a, zuciyata kuwa tana ƙuna. Da me ya fi ni? Tun daga nan duk baƙon da ya zo sai shugaban makaranta ya kai shi ganin "kifayen Malam Bitrus", ni ina tsaye kamar ba a taɓa ganina a ɗakin ba.

Kwanaki aka aiko masa da sabon kifi daga Ikko a bayan babbar mota. Ya iso a galabaice, launinsa ya koɗe, ba ya cin abinci, ga wasu fararen ɗige-ɗige a jikinsa. Bitrus ya sa shi a ƙaramin akwati shi kaɗai, ya lulluɓe akwatin da zane don hankalinsa ya kwanta, ya ce sai ya yi sati uku ya warke kafin ya shiga cikin sauran, in ba haka ba zai shafa musu ciwon. Ana haka aka aiko mahaifiyarsa ba lafiya. Da zai tafi jinyarta, ya damƙa mini mabuɗin ya ce, "Ɗan'uwa, kai kaɗai na yarda da kai. Ko shugaba ne ya ce a haɗa su, kada ka haɗa."

Ranar Asabar da hantsi na shiga, na daɗe ina kallon kifin nan yana laɓe a lungu. Na kwashe shi da raga na saka cikin babban akwatin. Kwana biyu ya yi a ciki, sannan na mayar da shi wurinsa na lulluɓe. Kada ku ce kuskure ne, na san abin da nake yi. Abin kunyar ma, har daɗi na ji.

Kwana uku da dawowar Bitrus kifayen suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yana tsamo su da hannunsa yana hawaye. Ko tambayata bai yi ba. Da shugaba ya tsare shi, cewa ya yi laifinsa ne, wataƙila ya yi amfani da raga ɗaya bai wanke ba. Aka rubuta masa takardar sakaci, aka karɓe mabuɗin aka ba ni. Yanzu an ce za a mayar da shi wata makaranta a ƙauye.

Jiya ya zo gidana da buhun doya da mahaifiyarsa ta aiko mini, wai godiya ce don na riƙe masa aiki har ya yi jinyarta. Ya ce, "Gara da kai aka ba ɗakin, ka fi ni kula." Na karɓi doyar. Matata ta dafa, na ce cikina ke ciwo.

In na faɗi gaskiya aikina zai tafi, kuma da wane ido zan dube shi? In na yi shiru, ranar Litinin mota za ta kwashi kayansa da takardar da ba tasa ba a fayil ɗinsa. Jama'a, ku ji tausayina ku gaya mini, me zan yi?