Na sa wa furen Inna lagwani, Baba ya daina tashi

Salamu alaikum jama'ar wannan gida, masu son shuke-shuke. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni mace ce, ina aure a Garwa, iyayena kuma a Ngaundere suka yi zamansu. Bara Allah ya yi wa Innarmu rasuwa, muka ga Baba ba zai iya zama shi kaɗai ba ga hawan jini, sai na ɗauko shi ya dawo wurina. Ranar tahowa bai damu da komai na gidan ba sai wani ɗan fure da Inna ke ajewa a tagar ɗakinta, irin wanda ake ce wa biyolet, mai ganye kamar karammiski da fure shuɗi-shuɗi. A cinya ya riƙe shi cikin kar, wato motar haya, har muka iso.

To kun san Ngaundere da sanyi, zafin Garwa kuwa sai wanda ya zauna. Furen ya fara laushi, Baba ya tsorata, ya mai da shi aikinsa. Da asuba ya ba shi ruwa, kafin azahar ya ƙara, duk sanda ya ga ganye ya langaɓe sai ya ce ƙishi yake ji ya sake zubawa. Wani abokinsa daga Kayle ya kawo masa takin auduga, ya barbaɗa masa da hannu. Bakin ganyen ya ƙone, gindin ya fara ruɓa, ƙasar har wari take. Amma a lokacin nan Baba yana tashi da wuri, yana cin abinci, yana jan kujera zuwa taga yana yi wa furen hira.

Da na ga furen zai mutu, na tambaya a nan gidan, wata baiwar Allah ta koya mini. Na fidda shi na yanke saiwar da ta ruɓe, na haɗa sabuwar ƙasa mara nauyi da buntun shinkafa da ɗan garin gawayi. Na zura igiya ta ƙasan tukunyar kamar lagwanin fitila, bakinta cikin gwangwanin ruwa mai ɗan taki tsarma-tsarma, ya dinga sha da kansa. Na roƙi Baba kada ya ƙara zuba komai. Wallahi ya yi aiki, sabbin ganye sun fito, yanzu har da alamar fure.

Matsalar ita ce tun ranar Baba ya canja. In ya idar da sallar asuba sai ya koma ya kwanta, kunu ma sai na yi ta lallashi. Na nuna masa sabon ganyen ina murna, ya kalla ya ce, "Kin kyauta 'yar nan. Shi ma ya koyi zama ba ni." Na shiga kicin na yi kuka.

Na gwada dabaru. Na ce shi zai dinga cika gwangwanin, ya ce abin da sai an kwana biyu ake dubawa ba aiki ba ne. Na sayo masa na'a-na'a da wani mai yaɗo waɗanda ba su tsoron ruwa, ya ce waɗannan Innarku ba ta san su ba. Na tsinki ganye don in dasa a samu na biyu, zafi ya ruɓar da shi. Likita ya ce jininsa bai hau ba, damuwa ce, a samo masa abin da zai ɗauke masa hankali.

Yayana, Hamma, da ke Kuseri, mun yi faɗa a waya. Ya ce ban da hankali, na fifita ciyawa a kan uba, in cire igiyar nan yau in bar tsoho ya yi abin da yake so. Na ce in na cire, furen ba zai kai damina ba, ranar da ya mutu a hannun Baba wa zai iya rarrashin Baban? Ya ce sai a sayo wani daga Yawunde a musanya ba tare da ya sani ba. Baba kuwa ya san kowane ganye na furen nan, kuma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Maigidana ya ce shi ba ya shiga tsakanin 'ya da uba.

Jiya da la'asar na leƙa na same shi tsaye a taga da kofin ruwa a hannu, bai zuba ba, yana dai kallo. Da ya ji motsina sai ya shanye ruwan ya koma gado.

Jama'a yaya zan yi? In cire lagwanin in mayar masa da aikinsa ina kallo furen ya mutu, ko in bar shi? Ko akwai haɗin ƙasar da zai jure ruwa kullum bai ruɓar da saiwa ba a zafin Garwa? Wanda ya taɓa riƙon tsoho ya gaya mini gaskiya, Baba ramewa yake yi.