Sunayen Masu Haƙa Rijiya

Daren Talata, Gagarawa Tasha.

Yau autata Hajara ta dawo daga ajin yara da littafi mai hoton rijiya. Ta ɗora yatsa tana haɗa baƙaƙe har ta ce "rijiya". Wallahi na ji daɗi, ni da ajamin nan kawai na iya. Sai na fara jero mata sunayen kakanninmu da suka haƙa rijiyar garinmu, yadda muka saba bayan isha'i. Ta ce, "Baba, yi shiru mana, na littafi kaɗai Malama za ta tambaya."

Yayyenta ba wanda ya riƙe sunayen nan, ita na sa wa rai. Gobe ma sai na faɗa mata, ko tana so ko ba ta so. Amma da na maimaita su ni kaɗai, ɗaya ya ɓace mini, kuma ba wanda zan tambaya.