Katakon Gidan Abah

Balikpapan

Ƙanwata Mahrita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin mahaifinmu Abah? Gwaggo Salasiah ta faɗa min abin da ya hana ni sukuni. Wai kullum da hantsi gidanmu na katako da ke bisa kogi sai ya yi ta girgiza har ruwan ƙarƙashinsa na motsi, ke kuwa kina ciki kin ɗaura gyale a ƙugu kina rawar ciki irin ta Larabawa da kike koya a waya, har kina cusa mata takun rawarmu ta japin. A gaban mahaifinki da ba ya gani, ba ya ji! Don ba shi da bakin tsawata miki? Ƙarshen wata zan zo in ɗauke shi. Gidana na siminti ne, ga asibiti kusa.

Yayanki,
Sahrani

Banjarmasin

Yaya Sahrani,

Ina gaishe ka da iyali. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta taga take leƙe, ƙuguna kaɗai take hangowa.

Bayana ne ya ƙage saboda ɗaga Abah, shi ya sa na fara rawar. Ran nan ina cikin yi na tsaya shan ruwa, sai na ji ƙwas, ƙwas. Abah ne kwance a tabarma, yatsunsa na bugun katakon daɓe. Kiɗan japin ne, Yaya, wanda yake kaɗawa da ganga a gidajen biki muna yara. Ta katakon yake jin takuna. In na ɓata taku sai ya doka da ƙarfi, masifar nan tasa tana nan yadda ka san ta. Tun da jikinsa ya shanye ba mu yi hira ba sai yanzu, kuma ba mu da wata hirar bayan wannan.

Ka zage ni son ranka, amma don Allah kada ka ɗauke shi.

Ƙanwarka,
Mahrita

Balikpapan

Mahrita,

Na karanta. Hannun mai irin wannan ciwo yakan yi rawa da kansa, kowa ya sani. Kewa ce ke sa ki jin kiɗa. Ki haɗa masa kayansa. Ki gaida Gwaggo.

Sahrani

Balikpapan

Ƙanwata,

Ina fatan kina lafiya. Tun da na iso da Abah gidana ya ƙi gado. Ƙasa yake nema, ya shimfiɗa tafinsa a kan siminti, yana jira. Abinci sai da lallashi, ko gasasshen kifin da yake so kawar da kai yake yi.

Jiya na rufe ƙofa na cire takalmi, ni da furfurata, na yi ta dirka ƙafa kusa da hannunsa har diddigena ya yi tsami. Bai ji komai ba. Na zauna na yi kuka.

Likita ya ce jikinsa ba zai ƙara ɗaukar doguwar tafiya ba. Na sa kafinta ya shimfiɗa katako a ɗakinsa, amma ni ban iya takun ba. Ki yafe min. Ki taho, tun hannun yana jira.

Yayanki,
Sahrani